Kalma Biyun da Sallau Ya Ƙi Faɗa

An yi wani mutum a wani gari, bakanike, wanda maigidansa ya umarce shi ya faɗi kalma biyu kacal, ya ƙi. Kalmomin su ne "na gama". Ku saurara, iyayena da 'yan'uwana, don abin da aka yi wa bawan Allahn nan har yau yana ƙona mini rai.

Sunansa Sallau. Ana ce masa Sallau Mai Giya, kuma kada kowa ya yi mini wani kallo, giyar mota nake nufi. Shekara goma sha tara ya yi a garejin wani Alhaji Na'iya, yana gyaran motocin da ke canja giya da kansu. Duk garin an san al'adarsa: in ya miƙa maka makulli da hannunsa ya ce "na gama", to ɗebi iyalinka ka kama hanya. Ba don Alhaji ake cika garejin ba, don kalmar nan ce.

Sai wani matashi mai ji da kansa, Mudassir, ya kawo motarsa da sabuwar konbata a kwali. Konbata wani tulun ƙarfe ne cike da mai, ita ke miƙa ƙarfin inji ga giya. Wadda ya kawo ba ta kamawa da wuri, sai ta bar inji ya yi ruri ya tara ƙarfi, sannan motar ta zabura. Abin da yake so ke nan, don ranar Asabar shi zai ja ayarin bikin abokinsa zuwa wani gari, a gan shi.

Sallau ya ɗaura ta, ya fita gwaji. Da ya dawo ya zaro sandar awon mai ya sinsina. Man ya fara ƙauri.

Ya ce, "Alhaji, da saura. Ƙwaƙwalwar motar nan tsohuwar konbata ta sani. Tana canja giya ba a kan lokaci ba, man yana ɗaukar zafi. Sai an yi mata saiti, an ƙara abin sanyaya mai. A ba ni kwana uku."

Alhaji ya ce, "Ta tashi ko ba ta tashi ba?"

"Ta tashi."

"To, motar da ka sa wa irinta watan jiya, wane saiti ka yi mata?"

"Waccan na gwada, ta haƙura. Wannan ba za ta haƙura ba."

"Hancinka ya zama na'ura ke nan. Mai mota yana waje. Ungo makulli, je ka ce ka gama."

"Alhaji, ka yi haƙuri. Ban gama ba."

Sau uku ana miƙa masa makulli, sau uku hannunsa yana bayansa. Bai ɗaga murya ba, bai yi zagi ba. Ya fita ya gaya wa Mudassir gaskiya. Mudassir ya yi dariya ya ce, "Baba, kai amalanke ka saba gyarawa." Alhaji ya miƙa makullin da kansa, ya juyo ya ce wa Sallau, a gaban sauran kanikawa, ya kwashe kayan aikinsa ya bar masa gareji.

Ranar Asabar, a wata hawa mai tsawo, giyar ta ƙone ƙurmus. Mata huɗu da jariri suka yini a rana a bakin titi. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba.

Yanzu kuna jira in ce aka je aka ba Sallau haƙuri, ko? To ku gyara zama. Da aka zo wa Alhaji da ƙorafi, cewa ya yi, "Aikin Sallau ne, shi ya sa na kore shi. Kuna tsammanin a banza ake ce masa Mai Giya?"

Kun ji? Sunan da gwanintarsa ta ba shi, da shi aka yanka shi. Mutumin da bai taɓa sanin ƙofar mashaya ba, aka wayi gari ana matsawa in ya shiga sahu. Kanikawan da suka ji da kunnensu ya ce bai gama ba, suka yi gum. Mudassir da aka gargaɗa ido da ido, shi ma ya yi gum, don kada a ce shi ne wawan. Waɗannan masu shirun sun fi Alhaji ba ni haushi.

Babu garejin da ya sake ɗaukarsa. Ya koma bakin kasuwa yana gyaran injin markaɗe. Wata rana matarsa Hansatu ta gaji, ta ce, "Malam, kalma biyu ce fa. Da ka faɗa kawai."

Ya ce, "Hansatu, in na faɗe ta sau ɗaya a kan ƙarya, waɗanda na faɗa shekara goma sha tara me suka zama?"

Ko a kan injin markaɗen, bai taɓa ce wa wata ya gama ba sai ya zuba danƙin tattasai ya ga yadda ya fito.

Darasin a fili yake: amana ita ce kada bakinka ya ce an gama alhali hannunka ya san da saura. Ke tela da kika rufe ɓaraka da guga, kai malami da ka sa hannu a takardar da ba ka duba ba, ke ma'aikaciyar asibiti da kika rubuta an ba da maganin da ba a ba ba, makullin nan ake miƙo muku kullum. Kai kuma da ka ga gaskiya ka kama bakinka, kada ka ce babu hannunka.

Ba zan yaudare ku ba. Sallau ya rasa aikinsa, ya rasa sunansa, ya yi shekara goma sha ɗaya a rumfar buhu har Allah ya karɓi ransa, kuma babu wanda ya zo ya ce masa "ashe kai ne mai gaskiya". Abin da tsayuwa kan gaskiya ta ci masa ke nan. Ladansa yana wurin Allah. Ku kuma, ku san wannan tun kafin a miƙo muku makulli, sannan ku mayar da hannu baya.