Ramuka Biyu na Kada

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Da aka gama su a tafki, Kada ya haƙa ramuka biyu don rabon kifi. Ya ce, "Tsakuwa ɗaya a ramin hagu, kifi goma ke nan. A na dama kuwa, kifi ɗaya."

Kura ba ta ji ba, tana can tana wawason tsakuwa. Ta zuba tara a dama, aka miƙa mata kifi tara.

Bushiya ta sa biyu a hagu, ɗaya a dama. Aka jibge mata ashirin da ɗaya.

Kura ta saki baki. "Malam Kada, yau uku ta fi tara?"

Ya ce, "Kin ƙirga tsakuwa, ba ki duba mazauninta ba."

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya faɗa rami.