Masu Lasar Sanda na Tungar Ɗorawa

Dalilin da ya sa masuntan garin nan ke lasar mariƙin sandar fatsa kafin su saya, shi za ku ji yanzu, tunda na ga kuna yi musu dariya a kasuwa. Kai Ɗanlami, rufe bakin, ubanka ma yana lasa.

A da can akwai wani maƙerin sanduna a Tungar Ɗorawa, sunansa Makau. Gwani ne na gaske. Yakan sari gora, ya sassaƙa mata mariƙi na itace, ya liƙa su da ƙaro. Ƙaro kuwa kun san shi, ga saurin bushewa, ga sheƙi. Duk masuncin da ya isa, sandar Makau ce a hannunsa.

Wata damina kogi ya yi cikar da ba a saba gani ba. Makau ya bi amininsa Jatau kamun kifi a kwalekwale, ana ta yayyafi tun safe. Igiyar ruwa ta buge su, sai ga Makau a cikin kogi. Jatau ya riƙe mariƙin sandarsa, ya miƙa masa kan gorar.

"Kama, Makau! Kama da kyau!"

Makau ya kama. Amma ƙaron ya sha ruwa ya narke. Gora ta zare salalaf, Jatau ya tsaya da guntun itace a hannu yana salati, ruwa ya tafi da amininsa.

Da yake kwanansa na gaba, ruwan ya watsa shi jikin wani gamji da ke gaɓa. Ya rungume shi, ya ƙwaƙule ɓawon da farce don tsoro, farin ruwan itacen ya fito ya manne masa a hannu. Da aka tsamo shi ya wanke, ya dirje da yashi, danƙon nan ya ƙi fita. Makau ya zuba wa tafinsa ido.

A gida matarsa Tabawa ta ce, "Maigida, ka bar maganar nan a cikinka. Jatau ba zai faɗa ba. A ce ƙarfin ruwa ne. In aka ji ƙaronka ne ya narke, wa zai sake sayen sandarka?"

Ya ce, "Tabawa, ni na sami gamji. Wanda zai faɗa ruwa gobe fa, wa ya ajiye masa nasa?"

Ya tatso danƙon gamji, ya dafa shi da garin gawayi, ya gwada, ya lalace, ya sake. Da ya samu wanda ya jiƙu a randa bai saki ba, sai ya shiga gari gida-gida yana sallama, yana faɗa da bakinsa cewa aikinsa na da aibi, a ba shi ya gyara kyauta. To sandunan sun yi yawa, duk sun yi baƙi da maiƙon hannu, ba ya gane wadda ya gyara da wadda bai gyara ba. Sai ya riƙa sa harshe. In ya ji yauƙi, ƙaro ne, ya ɓalle mariƙin. In ya ji bauri, ya miƙa wa mai ita.

Abin da Tabawa ta ji tsoro ya faru. Masu saye suka gudu. Yara suka sa masa waƙa, manya suka ce ruwa ya taɓa masa kai. Ni dai ban san namijin da ya fi shi ba, don zubar da sunanka da hannunka ya fi faɗawa kogi wuya.

Damina ta zagayo. Tabawa na wanki a bakin ruwa, gaɓa ta zabtare da ita. Ba kowa kusa sai Jatau yana fatsa. Ya dubi sandar hannunsa, ya tuna bara. Ya miƙa dai.

"Riƙe, matar aboki!"

Ta riƙe. Ruwa na ja, Jatau na ja, gora ta lanƙwashe kamar za ta karye, amma mariƙi ko motsi bai yi ba. Ya fiddo ta a gaban mutanen da suka taru. Makau ya iso a guje yana hawaye.

Jatau ya ɗaga sandar, ya lashi mariƙin, ya yamutsa fuska, ya ce, "Wallahi tunda nake ban taɓa ɗanɗana abu mai daɗin wannan baurin ba."

Shi ya sa har yau ba masuncin da ke sayen sanda a garin nan sai ya sa mata harshe. In kun ga ya yamutsa fuska ya tofar, kada ku yi dariya, sandar ta yi masa ke nan.