Azahar ɗin Baba Nagoma

Wai kin gaji, Hansatu? Don Inna ta ce ba ta yi salla ba, alhali a gabanki ta sallame? Ajiye wankin nan. Ku ma ku matso ku ji.

A wani gari an yi wani bawan Allah, Jatau, mai shara a gidan kula da tsofaffi. A gidan akwai Baba Nagoma, wanda ruɗewar tsufa ta kama. Ya manta sunan 'ya'yansa, amma bai manta salla ba. Abin da yake mantawa shi ne ya riga ya yi. Yana sallamewa sai ya hau laluben buta. A ce ya yi, ya ce ƙarya ake masa.

Ran nan ya faki ido ya tafi alwala shi kaɗai. Siminti da ruwa, santsi ya kwashe shi, ƙeya ta daki dandamali. Jini har wuyan riga. Da aka ɗinke, likita ya ce in ya sake faɗuwa, sai dai wani ikon Allah. Masu gidan suka ce a ɓoye buta, a ɗaure shi a gado da zane.

Abin ya tsaya wa Jatau a rai. Ya roƙa a bar masa tsohon.

Ku saurara fa. Bai taɓa ce masa "ka yi" ba. Baba na motsawa, Jatau zai jingine tsintsiya, ya kawo buta da kwano, a yi alwala a zaune, ya goge ƙasa tas. Sannan ya ce, "Baba, ja mu." Ya tsaya a damansa, kafaɗa da kafaɗa, shi da niyyar nafila. In tsoho ya yi tangaɗi a ruku'u, kafaɗar na nan. Abokan aiki suna tsokanarsa, wai yau azahar ta nawa ke nan? Sai ya yi dariya.

Baba bai ƙara faɗuwa ba. A kan gadonsa ya cika, ba ɗauri. Kuma kafin rasuwarsa, duk sallamar da ya yi, sai ya juyo ya ce, "Yaro, ban san ka ba, amma Allah ya ba ka mai riƙe ka."

Mu gode Allah da ya bar mana Inna da rai har muke gajiya da ita. Wanda ya manta ba ya son gardama, mai tsayawa kusa yake so. Mu ma tsufan nan muka nufa.

Ga ta can ta fara laluben buta. Ni hannuna duk ƙullu. Cikinku wa za ta kai mata kwano?