Na'urar da Inna Tabawa Ta Rufe a Langa

To, ku matso ku gyara zama, mai goro a baki ya ƙarasa taunawa, domin wannan labari ba a tashi daga kansa sai an yi gardama.

A gindin Dutsen Kwarare akwai wani ƙauye da bai rasa komai ba sai ruwa. Sau uku ana haƙa musu rijiyar burtsatse, sau uku ƙarfen yana cin karo da dutse. Da bazara mata kan yi tafiyar awa biyu da jarka a ka. A ƙauyen akwai wata tsohuwa, Inna Tabawa, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda aka haifa a saman dutsen kafin mutane su sauko. Shekara da shekaru tana gaya wa duk mai kunne cewa akwai idon ruwa can sama wanda ba ya ƙafewa, iyayensu suka rufe bakinsa da faffaɗan dutse ranar da suka taso, don kada dabba ta faɗa ta ɓata shi. Mutane su ce, "Haka ne, Inna," su wuce abinsu. Wannan "haka ne" ta fi ciwon gwiwa damunta.

Rannan masu aikin ruwa suka zo. Babbansu ya ce in da gaske ne, bututu kawai za a shimfiɗa, ruwa ya gangaro da kansa ba inji ba mai. Amma su ba za su hau dutse neman labarin tsohuwa ba. A kawo musu lambobin wurin, irin waɗanda na'urar GPS ke bayarwa, kafin Litinin. In ba haka ba, aikin ya koma wani gari.

Inna Tabawa tana da 'ya'ya uku, duk manya masu iyali. Ta tara su ta ce, "Ni dai yana ta rufe min ido, ƙafa ta ƙi. Amma hanyar tana cikin kaina. Ku san yadda za ku yi da ni."

Babban, Tanimu, mai gyaran rediyo ne, mutum mai tambaya har ta gundure ka. Shi ya tafi birni sayen na'urar. Mai shago ya fito masa da wata mai ƙyalli da ake shafawa da yatsa, da wata ta ɗaurawa a hannu kamar agogo. Tanimu bai ko taɓa su ba. Ya ce, "Wacce ke aiki inda babu sabis? Wacce ke cin batirin tocila, wanda ko a teburin ƙauyenmu akwai? Wacce za ta sha ruwan sama, a danna ta da jiƙaƙƙen hannu ta amsa?" Mai shago ya yi tsaki, ya zaro wata mummuna, rawaya, mai madannai kamar tsohuwar waya. Ita ya ɗauko. Da ya dawo aka yi ta yi masa dariya, wai ya je birni ya sayo sabulun wanki. Bai kula ba. Ya tsaya a tsakar gida ya nuna wa Inna yadda take aiki, har ya kama yatsanta ya danna, na'urar ta riƙe wurin, ya sa masa suna Gida.

Ta biyun, Lantana, Allah ya ba ta ido. Tun tana yarinya ita ke tsinto allurar da ta faɗa cikin yashi. Ta zauna da uwar suna ɓarar gyaɗa, ta yi ta tatsar alamomin hanya har ta haddace: dutse mai kama da kaza a kan ƙwai, ramukan niƙa guda bakwai, sai babbar kanya.

Autan, Ilu, mai fasa dutse ne, ƙato, maganarsa kaɗan cinsa da yawa. Ya ce shi bai san lamba ba, bai san alama ba. Ranar tafiya ya dai durƙusa ya ce, "Inna, hau." Aka kawo zani aka ɗaure masa uwarsa a baya. Duk ƙauyen ya fito kallo. Inna tana dariya har da hawaye tana cewa, "Shekara biyu na goya ka, yau ko wuni ɗaya ka rama!"

Amma tun da safen, kafin a goya ta, Tanimu ya kunna na'urar, ya miƙa wa Inna ta riƙe masa, ya koma ɗaura takalmi. To, ku kun san tsofaffinmu. Abu mai daraja ba a barinsa a fili. Ta naɗe ta a ƙyalle, ta sa a langar ƙarfe tare da ƙuli-ƙuli, ta rufe ruf, ta tura cikin buhun guzuri. Da ya tambaya ta ce, "Tana wuri mai kyau." Shi kuma ya yarda.

Suka hau. Inna na ba da umarni daga baya kamar direba, Ilu na haki, Lantana na gaba tana faɗin abin da ta gani. Suka sami kazar dutse. Suka sami ramukan niƙa, Inna ta sa aka sauke ta, ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta ce na uku na mahaifiyarta ne. Amma kanya babu ita, ko kututture. Duwatsu masu faɗi kuwa sun fi ɗari, kowanne kamar ɗan'uwansa. Inna ta fara jin "haka ne, Inna" tun kafin ta sauka.

Lantana ta tsuguna tana kallon iska. Can ta ce, "Yaya, dubi ƙudan zumar can. Babu fure a nan, me suke shiga nema a ƙarƙashin dutse da wannan zafin?" Ta bi su a hankali har wata 'yar tsaga, ta tura hannu, ta fito da shi da danshi.

Ilu ya kawo ƙarfensa ya soka, ya tokare da kafaɗa, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Dutsen da maza shida suka ɗora ya gusa. Sai ga ruwa garai-garai, mai sanyi, yana motsi. Inna ta ji ƙamshinsa kafin a gaya mata. Ta rangaɗa guɗar da ta manta tana da ita.

Tanimu ya ce a ba shi na'ura. Aka buɗe langa. Ya dube ta, ya dubi uwarsa, ya dafe kai. "Inna! Wannan abar sai tana ganin sama take aiki. Duk hanyar da muka biyo ba ta riƙe ko taku ɗaya ba!" Inna ta ce, "To ai ba ta yi ƙura ba." Dariya ta hana shi faɗa. Ya ɗaga ta sama, ta kama tauraron ɗan adam, ya danna, lambobin idon ruwan suka fito.

Suna cikin murna hadarin farko na shekara ya taso. Gajimare ya sauko ya rufe dutsen, mutum ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa. Idon Lantana bai da amfani, alamomin Inna sun ɓace, wayoyinsu ba sabis. Batirin na'urar ma ya ƙare, ta wuni a kunne cikin langa. Tanimu ya zare na tocilar Ilu ya zuba mata, ya nemo Gida, wurin nan da yatsan Inna ya danna. Kibiya ta fito ta nuna. Ruwa na dukanta, sabulun wankin nan ko gezau. Sai dai kibiya ba ta san rami ba, miƙe take nunawa. Tanimu ya faɗi gabas ko kudu, Ilu ya lalubi wurin taka ƙafa da uwarsa a baya, Lantana na riƙe da bakin zanin. Kafin la'asar ta wuce suka shigo gari sharkaf, suna rawar sanyi suna dariya. Hanyar saukowar kuwa na'urar ta riƙe ta tsaf, ita masu aikin ruwa suka bi ran Litinin.

Bayan wata huɗu famfo ya tsaya a tsakiyar ƙauye. Mutanen Kwarare suna da al'ada tun suna sama: ranar da aka buɗe sabon ruwa, ƙwaryar farko ta wanda ya kawo shi ce, shi kaɗai, ba a raba ta, kuma da sunansa za a riƙa kiran wurin. Mai gari ya cika ƙwarya ya miƙa wa Inna Tabawa. Ta ce ita ta riga ta sha nata, tunda yau babu mai ce mata "haka ne". Ɗaya daga cikin 'ya'yanta za ta ba. Nan fa gari ya rabu uku.

Wasu suka ce Tanimu. Da ya sayo mai ƙyalli, da babu lambobi, da babu bututu, wataƙila ma da har yanzu ana nemansu a dutse.

Wasu suka ce Lantana. Na'ura ba ta san inda ruwa yake ba, inda ka tsaya kawai take faɗa. Ba don zumar nan ba, da lambobin busasshen dutse za a kawo.

Wasu suka ce Ilu. Hanyar tana kan Inna, Inna kuwa a bayansa ta hau, a bayansa ta sauko, kuma da kafaɗarsa aka ga fuskar ruwan.

Inna Tabawa na tsaye da ƙwarya a hannu, su uku a durƙushe gabanta, kowa ya sunkuyar da kai yana murmushi. Zuciyarta fal farin ciki, amma hannunta ya kasa zaɓa.

To, ku da kuka ji yadda aka yi, wa za ta miƙa wa ƙwaryar nan?