Gyauron Inna Yalwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

A wani gari an yi wata tsohuwa, Inna Yalwa, mai tumatir a bayan ɗaki. 'Yan mitsi-mitsi ne, amma in ta jefa uku a miya har maƙwabta sai sun haɗiyi yawu. Ku da kuka tashi da na gwangwani, me kuka sani? Iri kuwa ba ta ƙulle shi a tsumma. Nunanne take matsewa a jikin bango ya bushe, in damina ta zo ta kankare ta shuka.

Ran nan Inna ta rasu. 'Yarta Tasalla, mai tsabtar tsiya, sai ta sa aka yi wa gidan sabon yaɓe. Sai da ruwa ya sauka ta tuna. Wayyo, iri na ƙarƙashin laka! Ta sayo tumatirin kasuwa ta yi miya, salam kamar ruwa. Ta zauna ta sha kuka.

Ashe a makwarara, inda Inna ke zubar da ruwan wanke-wanke, gyauro ya tsiro, ba wanda ya shuka shi. Tasalla ta ce, "Ƙazanta!" Sai ta tuge.

Tsohuwar kazar Inna ta ce, "Tasalla, tsaya ki ji..."

"Rufe min baki, mai tonon juji!"

Wani gyauron ya fito, ta tuge. Kaza ta ce, "Tasalla..." Sai ta jefe ta da tsintsiya.

Saura ɗaya tak. Sai kaza ta je ta kwanta a gabansa, ta baza fiffike, wai kwanci take. Tasalla ta riƙa kewaye ta da shara, har da watsa mata tsaba. Kwana ashirin, talatin, ba ɗan tsako. Ta ɗaga ta, ko ƙwai babu! Sai tumatir a bayanta, har ya yi fure.

"Munafuka!"

Kaza ta ce, "Na ji. Bari dai ya nuna."

Da ya nuna Tasalla ta jefa uku a tukunya. Ƙamshi na tashi sai ta saki ludayi, ta waiga ƙofar ɗakin Inna, ta ce, "Inna?"

Ba kowa, sai kaza. Tasalla tana hawaye ta ɗauki na huɗun ta matse a sabon bango.

To, kun ji. In abu ya tsiro a gidan tsoho, ku tambaya kafin ku tuge.

Kurunkus, ta ƙare a nan.