Sabon Keken Ummu Tamir

Akwai wata tela a unguwarmu, a garin Mahalla, sunanta Awatif, amma kowa Ummu Tamir yake ce mata. Shekara ashirin da biyu tana ɗinki a ɗakinta na hawa na uku, da wani baƙin keke na ƙafa da ta gada a wurin mahaifiyarta. Hannunta yana da kyau, wannan ba gardama. Sai dai ita ma ta san da haka, kuma ba ta bari kowa ya manta.

Ana saura kwana goma a koma makaranta, Abla Najat, shugabar wata makarantar ƙananan yara, ta hawo benen tana haki, mai tuktuk, wato adaidaita-sahu, na biye da ita ɗauke da bandir-bandir na shuɗin yadi.

"Riga ɗari da ashirin nake so, Ummu Tamir. Telanmu ya tsallake Kuwait ko sallama babu. In kin cika su kafin a buɗe makaranta, aikin ya zama naki duk shekara."

"An gama," in ji ta, ko lissafin kwanakin ba ta yi ba.

Irin aikin da ta daɗe tana roƙon Allah ke nan, wanda zai raba ta da zaman jiran Sallah da biki. Amma baƙin kekenta, ko ta yini tana taka shi, riga shida yake fitarwa. Dole ta sayi babban keken lantarki irin na masana'anta.

Washegari ta tafi shagon Usta Fikri, mai sayar da keken ɗinki da gyaransa, a bayan kasuwar yadi. Dattijo ne, kullum gaban rigarsa da tabon mai, kuma rabin telolin garin a wurinsa suka sayi kekensu. Ya aika aka kawo mata shayi, ya zaunar da ita a kan wani farin keke, ya ba ta ƙyalle. Ta taka sau ɗaya, ɗinki ya zarce kamar an ja layi da biro. Awa guda cur ta yi tana gwadawa.

"Nawa, Usta?"

"Fam dubu goma sha huɗu. Ni zan kai miki gida, in haɗa, sannan in zauna da ke zuwa la'asar in koya miki shi."

Ta ajiye kofin shayin.

"Ka koya wa wa?"

"Ke mana. Ba irin naki ba ne, yana da nasa hali."

"Usta, tsoron Allah dai! Ni da na ɗinka wa matarka rigar bikin 'yarku, ni za ka zaunar kamar 'yar koyo?"

"Ɗinki naki ne, Ummu Tamir, ban isa ba. Keke kuma nawa ne. Ban taɓa sayar da irinsa na juya baya ba."

Ta ce za ta yi shawara da maigida. Da ya shiga ciki amsa waya, ta ɗauki hoton lambar keken ta fita. Tun a cikin tuktuk ta samo shi a intanet, iri ɗaya sak, dubu goma sha biyu har ƙofar gida. Ba ragin ne ya fi yi mata daɗi ba. Abin da ya fi yi mata daɗi shi ne babu wanda zai zo ya tsaya mata a ka.

Kwana uku ta yi tana jira, tana yanka rigunan. Rana ta huɗu aka sauke mata kwali uku a bakin titi, mai motar ya ce shi ba a biya shi hawan bene ba. Mijinta Sabri, direban bas ne, shi da maƙwabta suka yi ta nishi har suka kai sama. Ya buɗe bidiyo a waya, ya haɗa teburin, ya ɗora kan keken. Takardar bayanin da Sinanci take da Turanci, sai aka shimfiɗa ta aka ci wake da gurasa a kai.

A ƙasan kwali ɗaya suka ga wata babbar kwalba cike da farin mai.

"Wannan fa?" in ji Sabri.

"Man keke ne, kyauta suka sa. Ka ga mutanen kirki! Wannan ai sai ya shekara biyar."

"Anya ba ma kira Usta Fikri ya leƙa ba? Ko minti goma."

"Kai dai je ka ja bas ɗinka. Na taɓa koya maka sa giya?"

Sabri ya fita ya bar ta. Ita kuwa ta ɗebi man a ɗan butar da ta saba, ta ɗiga ɗigo biyu a wurin allura, biyu a wurin ƙoshiya, yadda take yi wa baƙin kekenta duk Juma'a. Ta nemi sauran ramukan mai ba ta gani ba, ta ce ai kayan zamani ba sa shan mai. Ta ɗora kwalbar a kan kabad.

Kai, keke ya yi gudu! Kafin magariba riga goma sha takwas na rataye. Ta leƙa baranda ta kira maƙwabciyarta ta zo ta sha kallo.

Washegari da hantsi kan keken ya fara zafi. Ta ce sabunta ce. Bayan azahar ya fara wani kuka siriri, ta ƙara ɗigo biyu ta ci gaba. Tana kan riga ta talatin da ɗaya ya yi ƙara sau ɗaya, ya tsaya cik. Ta kama ƙafar juya keken da hannu biyu, ko motsi.

Ta kira masu sayarwa. Wata murya mai sanyi ta ce ta turo hoto, ta turo bidiyo, ta jira. Da ta sake kira, wani daban ne ya ɗauka, ya ce a maido keken Alƙahira a kwalinsa, injiniya zai duba cikin mako uku.

"Mako uku? Kwana biyar gare ni, ɗan nan!"

"Haka tsarin yake, Hajiya."

Sabri ya ce, "To yanzu sai Usta."

"Da wace fuskar?"

Yini guda ta ƙara ɓatawa a kan wannan tambayar. Ta kwance abin da za ta iya kwancewa, ta mayar, ta yi ta danna waya tana neman dabara. Sai da ta ƙirga rigunan da ke yanke a ƙasa, tamanin da tara, sannan ta yafa mayafi ta sauka.

Usta Fikri bai tambaye ta inda ta sayo ba. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya biyo ta. Da ya shiga ɗakin, ya shinshina, ya kama kan keken ya kwantar da shi baya. Ita ba ta ma san yana kwantawa ba. A ƙarƙashinsa akwai wani faffaɗan tire na ƙarfe, a bushe ƙamas.

"Ina man da ya zo da shi?"

Ta nuna kan kabad.

Ya sauko da kwalbar, ya ɗaga ta, ya ga ko yatsa ɗaya ba ta ragu ba.

"Duka ake juyewa a nan, Ummu Tamir. Naki na da ɗigo yake sha, wannan a cikin mai yake kwana. A bushe suke turo shi don kada ya zube a hanya. Kin ga ɗan gilashin nan na sama? In yana aiki, mai za ki ga yana fantsama a ciki. In ba ki gani ba, ki ɗauke ƙafa." Ya mayar da kan keken a hankali. "Abin da zan fara nuna miki ke nan."

Kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa idonta.

"Zai gyaru?"

"Zai gyaru. Sandar ciki ce ta ƙone ta manne. Sai na aika Alƙahira, mako guda in an yi sa'a."

"To ka ara mini wanda na gwada. Don Allah, Usta."

"Wallahi da yana nan da na ɗauko miki a kaina. Shadiya ta layin gidan burodi ta saye shi shekaranjiya."

Abin da ya iya yi ya yi. Ya koma shago ya kawo ƙaramin inji ya ɗaura wa baƙin keken, ya ƙi karɓar ko sisi. Keke mai fitar da shida ya koma fitar da goma sha biyu. Ta ɗinka har yatsunta suka kumbura, amma kwana ba ya ƙaruwa.

Ana saura kwana biyu a buɗe makaranta Abla Najat ta zo. Ta ƙirga hamsin da biyar. Ta juya ɗaya ta duba cikinta, ta gyaɗa kai.

"Ɗinki kam babu na biyunki. Amma iyaye sun biya, ba zan ce wa yaro sittin da biyar su zo da rigar barci ba."

Ta sa aka kwashe yankakkun rigunan aka kai wa Shadiya, wadda shekararta biyu kacal da fara ɗinki, wadda kuma ta zauna shiru har la'asar Usta Fikri ya koya mata kekenta. Ita da ƙanwarta suka cika su cikin kwana biyu. A nan take Abla Najat ta ba Shadiya aikin baɗi.

Ranar da aka buɗe makaranta, Ummu Tamir ta tsaya a baranda tana kallon yara suna wucewa cikin shuɗi. Daga hawa na uku tana iya gane nata. Na Shadiya aljihunsu ya ɗan karkace, wuyan ma bai zauna sosai ba. Iyaye suna ta ɗaukar hoto suna dariya. Duk layin babu wanda ya lura da karkacewar sai ita.

Darasi: Iya aiki bai hana mutum tambaya ba, kuma wanda ya ce zai nuna maka ba raina ka ya yi ba. Kafin ka ce abu ya yi araha, duba abin da ba a sa maka a kwali ba, domin mai shagon unguwa har da saninsa yake sayar maka. Girman kai rawanin tsiya ne. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin sayen kayan sana'a, ko Allah zai sa ya tsaya ya saurara.