Maigidan da Ya Cire Safaya Ya Sa Sifika

"Ka mayar da ita, Baban Keziya."

"Na ce miki babu wuri."

"Da can da wuri, yanzu babu? Motar ce ta tsuke, ko tayar ce ta yi ƙiba?"

"Maman Keziya, ki fita harkar mota. Kin taɓa ganin na shiga kicin na ce ki rage daddawa?"

"Daddawa ba ta taɓa barin mutum a daji ba!"

Akwai wani maigida, shi ne wannan da kuke jin muryarsa tun daga bakin titi. Abin da suke faɗa a kai kuwa safaya ce, wato tayar nan ta ajiya da ake sawa a but ɗin mota saboda ranar tsautsayi. Sati uku ke nan tana yashe a tsakar gida, ita da jak da sifana, har kaza ta fara leƙa cikinta tana neman wurin ƙwai.

Ga yadda abin ya faro. Mutumin nan yana aiki a birni, mahaifiyarsa kuwa tana ƙauye, can bayan duwatsu, inda kwalta ba ta taɓa zuwa ba. Yanar ido ta rufe wa tsohuwar idanu biyu, ba ta bambance komai sai haske da duhu. Saboda ita ya sayi mota, wata tsohuwa mai tsayin ƙafa, ba kyan gani, amma tana hawan dutse kamar akuya. Ranar da ya kawo motar majami'a Fasto ya ɗora mata hannu ya yi addu'a, shi kuwa ya tsaya a gaban jama'a ya ce, "Wannan motar ƙafafun Mama ce."

Duk Asabar yakan kai motar wurin wanki. A can akwai benci a ƙarƙashin dalbejiya, a kan bencin kuma akwai masana mota. Babbansu Habila. Ko keke bai taɓa mallaka ba, amma kullum da makullin mota a yatsarsa yana kaɗawa, ba wanda ya san ƙofar da yake buɗewa. Na biyunsu Istifanus, shi yana da mota, shekararta huɗu a kan duwatsu a ƙofar gidansu, tana jiran wani ƙarfe da zai zo daga Kwatano.

Wata Asabar Habila ya kewaya motar sau biyu, ya karkatar da kai, ya yi magana ta hanci kamar yadda ya saba.

"Ka gane ko, Oga? Ba a barin mota ta miƙe haka kamar raƙumi. Mota sai ta sauka, ta rungumi ƙasa. Mutum irinka, mai ofis, yana hawa mota sai ka ce zai hau rumbu!"

Istifanus ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiya ne. Haka ake yi a waje."

Bencin ya fashe da dariya. Maigidan ya yi fushi ƙwarai, ya koma gida ko tuwo bai ci ba. Amma fushin nasa bai sauka a kan Habila ba, a kan motar ya sauka. Ranar Litinin ya kai ta wurin bakanike aka sauke ta.

Asabar ta gaba Habila ya shuri taya. "Ka gane ko? Waɗannan ai na tarakta ne. Siririya ake yayi yanzu, mai wili mai walƙiya." Aka canja tayoyi. Asabar ta bayanta aka baƙanta gilashi. Daga nan aka lulluɓe kujeru da farar fata, aka hana Keziya cin gyaɗa a ciki. Tun daga ranar da aka sauke motar kuwa, maigidan bai ƙara zuwa ƙauye ba, don kada dutse ya ƙarce mata ciki. Wata bakwai sai dai ya aika gaisuwa ta bakin masu zuwa kasuwa.

Sai aka zo kan sauti. Habila ya ce mota ba sauti gawa ce. Aka kawo akwatin sifika, ƙato, sai da mutum biyu suka ɗauka. Aka tura shi cikin but, ya ƙi shiga.

"Cire safaya," in ji Habila.

Maigidan ya dubi safayar. "In na yi faci fa?"

"Faci? Sabuwar taya? Haba Oga! Ka gane ko, mai yawo da safaya ai ƙarancin bangaskiya ke damunsa. Ba Fasto ya yi wa motar addu'a ba?"

"Gaskiya ne," in ji Istifanus. "A waje ma an daina."

Haka safaya ta koma tsakar gida.

Ana nan sai aka yi sanarwa a majami'a cewa likitocin ido za su zo asibitin mishan ranar Alhamis, su cire wa tsofaffi yana. Sau ɗaya suke zuwa a shekara, yini ɗaya suke yi, ƙarfe huɗu na yamma su tattara kayansu. Maman Keziya ta yi layi cikin rana har ta samo wa surukarta kati. Faɗan da kuka ji kuwa, da safiyar Alhamis ɗin nan ake yinsa, maigida zai tafi ɗauko Mama.

Matar ta mirgino tayar da hannunta har bakin mota. "To, in but ya cika, sa ta a kujerar baya."

"A kan farar kujera? Kina da hankali kuwa?"

"Ni ce ma ba ni da hankali? Ka tsaya a gaban ikilisiya ka ce ƙafafun Mama, yanzu ka yanke ƙafafun ka sa musu ganga!"

Ya shige mota, ya ja ƙofa da ƙarfi, ya kunna kiɗa har tagogin maƙwabta suna rawa. Yana kallonta ta madubi bakinta yana motsi, bai ji ko kalma ɗaya ba. Wannan ya yi masa daɗi.

A kan kwalta motar ta yi gudu, 'yan acaɓa suna waiwaye. Amma da aka sauka kan hanyar ƙauye sai ta fara kuka. Kowane tudu sai ta goga ciki, kowane rami sai ya fito ya jera duwatsu. Tafiyar awa biyu ta ci huɗu. Ya isa da rana tsaka, jiƙe da gumi, yana zagin hanya, yana zagin gwamnati, yana zagin duwatsu.

Tsohuwar tun asuba take zaune a ƙofar gida, ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na zumuntar mata. Aka riƙo hannunta zuwa mota. Ta miƙa hannu inda ta saba samun marfin ƙofa, ta sami iska. Ta yi ƙasa da hannun, ta shafa rufin.

"Ɗan nan, motar taka ta durƙusa ne?"

"An gyara ta ne, Mama."

"To, Allah ya ba ta lafiya."

Ta kawo wa jikokinta ƙunshin gyaɗa da ɗan buhun acca. Ba wuri a but, aka bar su a nan.

Ba su cika awa guda a hanya ba, a wani wuri da ba gida gaba ba gida baya, sai siririyar taya ta hau bakin dutse mai kaifi. Fas! Motar ta karkace ta tsaya.

Maigidan ya fito. Ya sani sarai, amma duk da haka ya zagaya ya buɗe but, kamar wanda ke sa ran mu'ujiza. Sifika ta dube shi da baƙin idonta guda. Ko cire tayar ya kai wa mai faci ba zai iya ba, gama jak da sifana suna gida tare da kaza. Ya hau kan dutse yana neman sabis, ya kira Habila, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ba ranar kasuwa ba ce, hanya shiru. Ƙarfe ɗaya ya wuce, biyu ya wuce.

Ya zaunar da mahaifiyarsa a inuwar ɗorawa. Can sai ta ce:

"Motar nan da tana da taya a baya. Na sani, don nakan jingina kayana a kanta. Ina take?"

Ya juya yana duba tayar da ta fashe.

"Da kai nake."

"Na ajiye ta a gida, Mama. Na sa wani abu a wurin."

"Mene ne?"

"Abin kiɗa."

Tsohuwar ta juyo da fararen idanunta wajen muryarsa. "To kunna mini. In ji abin da aka ba da idona a kansa."

"Mama, don Allah..."

"Na ce ka kunna!"

Ya kunna. Kiɗa ya tashi a tsakiyar daji, dim, dim, dim, tsuntsaye suka watse daga ɗorawa, motar tana karkarwa a kan tayarta uku. Tsohuwar ta saurara har waƙar ta kai ƙarshe, shi kuwa yana tsaye hawaye na gangaro masa. Sa'an nan ta ce, "Na ji. Kashe."

Sai wajen ƙarfe uku wata motar itace ta biyo, direban ya ji tausayi ya ɗauke su. Da suka isa asibiti, ana loda akwatunan likitoci a mota. Tsofaffi suna fitowa da auduga a ido ɗaya, 'ya'yansu na riƙe da su, ana ta yabon Ubangiji. Wata nas ta ce, "An kira lambarku sau uku. Sai baɗi in Allah ya kai mu."

Maman Keziya tana tsaye a bakin ƙofa tun safe, katin ya jiƙe da gumi a hannunta. Maigidan ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa. Ba ta yi ba. Ta danƙa masa katin a tafin hannu, ta kama surukarta ta ce, "Taho, Mama, akwai matakala a nan, ɗaga ƙafa."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, motar nan ranka ne, da ƙarfinka, da duk abin da Ubangiji ya danƙa maka. Bai ba ka domin a tafa maka ba, ya ba ka domin wani. Tsohuwar ita ce wannan wanin: uwarka, ko matarka, ko maƙwabcin da ke jiran ka zo. Bencin kuwa kun san shi, wasunku daga can kuka taho yau. Mutane ne masu baki ba kaya, waɗanda ba za su bi ka hanyar ƙauye ba, ba za su ɗauki waya ranar da ka fashe ba, amma su kake jin tsoron dariyarsu fiye da tsoron Allah.

Safaya ita ce abin da ba a gani: addu'ar da kake yi a ɗaka, Maganar Allah da ka ajiye a zuciya, alkawarin da ka riƙe ba mai kallo. Ba wanda ya taɓa tsayar da mota ya ce, "Kai, safayarka ta yi kyau!" Shi ya sa ita muke fara cirewa in wuri ya ƙure. "Ayya, ba ni da lokacin addu'a, muna da rihasal ɗin waƙa." "Zan je gaida Baba, bari dai a gama ɗinkin ankon." Sifika ke nan, ƙaunatattu, ƙara kawai.

Kada kuma wani ya ce ganganci bangaskiya ne. Ubangiji bai ce ka jefar da abin da ya tanada maka, sa'an nan ka kira shi ya zo ya tura mota ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ku dubi wanda ya sha wahalar. Habila bai rasa komai ba. Maigidan ma da idonsa biyu. Ya tuba, gaskiya ne, ya fitar da akwatin, ya mayar da safaya, ya ɗaga motar, ya riƙe mahaifiyarsa a gidansa, Allah kuwa mai gafara ne. Amma tsohuwar da ba ta taɓa zama a bencin nan ba, ita za ta ƙara shekara guda tana lalube bango. Saboda haka in safayarka tana tsakar gida, kada ka jira Alhamis. In an tashi sujada ka je ka mayar da ita.

Wani zai ce, ina labarin masana? Suna nan. Ranar Asabar maigidan ya kai motar wanki, ya faɗa musu duk abin da ya faru, cikin fushi. Istifanus ya duƙa yana kallon takalminsa. Habila ya kaɗa makullinsa, ya karkatar da kai.

"Ka gane ko, Oga? Ba laifin taya ba ne. Sifikar ce ta yi ƙanƙanta. Da babba ka sa, ai da likitocin sun jiyo ku tun daga can."